Itace da murhu kafin sanyin Jura: yadda shekarata ta farko ta kasance

A watan Agustan 2023 muka tashi daga birnin Besançon da ke gabashin Faransa, inda na yi karatu na kuma zauna shekara shida a gidan da ake ɗumama shi da gas, muka koma wani ƙauye kusa da Pontarlier, a yankin tsaunukan Jura, gab da iyakar Faransa da Suwizalan, saboda aikin gyaran injuna da na samu a wata masana'anta. Gidan tsoho ne, ginin dutse, hayarsa da sauƙi. A tsakiyar falo akwai wani baƙin murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi, bututunsa ya shige cikin bango ya yi sama. Matar da ke da gidan, wata dattijuwa da ke zaune a birni, ta ɗora hannu a kansa ta ce da shi ake ɗumama ƙasa, ɗakunan sama kuwa akwai hita ta lantarki, amma kada mu dogara da ita in ba so muke albashi ya ƙare a kuɗin wuta ba. Na gyaɗa kai kawai. Ni ɗan Damagaram ne, na tashi ina ganin amalanke na shigo da itace gari, na yi faskare tun ina ɗan shekara goma, don haka a raina na ce wannan ai ba abin da za a koya mini ba ne. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwa da aiki ko aure zai kai su irin wannan wuri, don kada su biya kuɗin makarantar da na biya.

Wanda ya fara ankarar da ni maƙwabcinmu ne, wani tsohon manomi da ya bar wa ɗansa shanu ya zauna hutu. Sati biyu da zuwanmu ya leƙo ta kan shinge, ya dubi rumfar itacenmu da babu komai a ciki sai tsohuwar taya, ya tambaye ni ina na ajiye itacen bana. Na ce masa ai da saura, sai sanyi ya matso zan saya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nuna mini nasa: layi uku, kowanne ya fi mota tsawo, na bana da na baɗi da na shekarar da ke biye. Ya ce Pontarlier ta haura mita 800 a kan teku, kuma Mouthe, wadda ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba, ita ce ke riƙe da sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a hukumance a Faransa, digiri 36.7 ƙasa da sifili, a watan Janairun 1968. A Damagaram in hunturu ya yi tsanani mukan sa rigar sanyi da asuba, kafin hantsi mun tuɓe. A nan ana hura wuta daga Oktoba har Afrilu, wata shekarar har Mayu. Daren nan na ce wa maiɗakina gobe zan fara nema. Ta ce, “Malam, ai ba a fafe gora ranar tafiya.” Ta yi gaskiya, sai dai mu ranar tafiyar ma ta riga ta zo ba mu sani ba.

Matakin farko ba itace ba ne, takarda ce. Da na je sauya adireshin inshorar gida, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko akwai murhun itace, na ce akwai. Ta ce to in tabbatar ina da takardar shaidar share bututun hayaƙi, abin da suke kira ramonaj, domin in gobara ta tashi daga bututu ita za a fara tambaya, kuma rashinta na iya sa a rage abin da za a biya. Na buga wa mai gida, ta ce wanda ya tashi bai bar mata komai ba. A Faransa sharar bututu a wuyan ɗan haya take, kuma dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, ta wajabta a yi ta aƙalla sau ɗaya a shekara ta hannun ƙwararre, a kuma duba lafiyar murhun kansa. Jihohi da yawa suna da tasu ƙa'idar da ta ce sau biyu, ɗaya a tsakiyar lokacin hura wuta. Akwai wani gungume na sinadari da ake sayarwa a manyan kantuna, wai in ka ƙona shi yana wanke bututu, har na ɗauko shi na mayar, domin ba ya zama madadin takardar. Na kira masu shara biyar a makon farko na Satumba. Biyu ba su ɗaga ba, ɗaya ya ce ya daina karɓar sababbin mutane, ɗaya ya ce sai Disamba. Na biyar ya ba ni ranar 24 ga Oktoba, ya ƙara da cewa masu hankali a watan Mayu ko Yuni suke kiransa.

Ina jiran wannan rana sai na shiga neman itace, a nan kuma na yi babban kuskurena. Na ga talla a intanet, itace “busasshe” a kan Yuro 65 kowane siter, wato ma'aunin da ake cinikin itace da shi a nan, alhali masu sana'ar da na tambaya suna cewa 90 zuwa sama. Na yi odar siter shida, yankan santimita 50. Mutumin ya zo da yamma ana yayyafi, ya juye a bakin ƙofa, ya karɓi Yuro 390 a hannu, babu rasit, ya tafi. Kwana biyu ni da yara muna kwasa a baro muna jerawa. Da na gama na ɗauko awo na auna tsawo da faɗi da tsayi, na samu mita kubik huɗu cif. Raina ya ɓaci, na ce an cuce ni kashi ɗaya cikin uku. Tsohon nan ne ya zaunar da ni ya yi mini lissafin. Siter guda yana nufin tarin itace na mita kubik ɗaya idan kowane gungume tsawonsa mita ɗaya ne. In aka yanka shi biyu, guntayen sun fi kwanciya da juna, ramukan tsakani su ragu, sai tarin ya koma kusan 0.8. In yankan santimita 33 ne ya koma 0.7, in na 25 ne wajen 0.6. A hukumance ma an daina amfani da siter a matsayin ma'auni tun 1978, amma har yau da shi kowa ke ciniki. Ke nan abin da ya kamata in samu shi ne 4.8, an cuce ni dai, amma siter ɗaya ne ba biyu ba. Na kira lambar mutumin sau uku, daga baya ta daina shiga.

Ashe ƙarancin awo shi ne ƙaramar matsala. Tsohon ya ɗauki gungume biyu ya gwara su, suka yi wani sauti mai nauyi kamar an buga ɗanyen bulo. Ya ce busasshen itace ƙara yake yi ƙwal, bakinsa a tsattsage, ɓawonsa na saɓulewa, kuma ba shi da nauyi a hannu. Ya shiga gida ya fito da wata 'yar na'ura mai ƙusa biyu, ya sa na faskara gungume ɗaya, ya soka ƙusoshin a tsakiyar sabon fashin, ba a baki ba, domin baki kan bushe ya yaudare ka. Ta nuna 36. Muka gwada wasu biyar, babu wanda ya sauko ƙasa da 32. Abin da ake so shi ne kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Itacen da aka sare yanzu kusan rabinsa ruwa ne, kuma wutar da ya kamata ta ɗumama ɗaki sai ta ƙare wajen dafa wannan ruwan, har zafin da za ka samu ya kusa raguwa da rabi. Mafi yawan abin da aka kawo mini kuma itacen da suke kira shen ne, mai tauri kamar ƙiryar da maƙeranmu ke yin gawayi da ita, wanda ke buƙatar shekara biyu ko fiye kafin ya bushe. A gida mun saba mace ta hura ɗanyen itace a tsakar gida, ta sha hayaƙi, idanu su yi ja, tuwo dai ya nuna. A murhun da ke rufe cikin ɗaki wannan hayaƙin ba ya bin iska, cikin bututu yake kwanciya. Washegari na sayi tawa na'urar Yuro 19, kuɗin da ya fi kowane amfani a duk wannan hidima.

Ranar 24 ga Oktoba mai shara ya zo da ƙarfe takwas na safe. Na ɗauki hutun rabin yini, ina tsammanin aikin minti arba'in ne. Ya shimfiɗa leda, ya cire farantin da ke saman cikin murhun, ya zura buroshinsa mai dogayen sanduna. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya haska fitila, ya kira ni in gani. Bangon bututun ya yi baƙi yana sheƙi kamar an shafa kwalta ta daskare. Ya ce wannan ba kunkunniyar da buroshi ke kaɗewa ba ce, daskararren man hayaƙi ne da ke taruwa idan an daɗe ana ƙona ɗanyen itace ko ana shaƙe wa wuta iska don ta kwana, kuma shi ne ke kamawa ya zama gobarar bututu. Ya ƙara da cewa tsohon bututun bulo ne mai faɗi, babu bututun ƙarfe a cikinsa, hayaƙi na yin sanyi tun bai kai sama ba. Ya karɓi Yuro 70 na aikinsa, ya rubuta a takardar cewa bututun na da matsala kuma kada a hura wuta sai an gyara. Na tsaya riƙe da takardar a falo, a waje ciyawa ta yi fari da raɓar da ta daskare, na rasa abin da zan ce wa iyali.

Abin da ya cece ni shi ne wannan rubutun nasa da hotunan da ya ɗauka. Na aika wa mai gida kwafi ta wasiƙar da ake sa hannu kafin a karɓa, na haɗa da takardar da muka cike ranar shiga gida, wadda ta nuna ko sau ɗaya ban hura murhun ba. Da farko ta ce sharar bututu aikina ne. Na amsa cikin ladabi cewa shara na biya, amma dattin shekarun da ban zauna ba da gyaran ginin kansa nata ne. Bayan kwana huɗu ta amince, ba tare da rigima ba, Allah Ya saka mata. Aka kankare bututun da wani inji mai juya sarƙoƙi, aka zura bututun ƙarfe marar tsatsa daga sama har ƙasa. Kuɗin ya haura Yuro 1,500, ita ta biya. Amma sai ranar 17 ga Nuwamba aka samu yin aikin, wato sama da sati uku muna zaune da hita biyu na lantarki, dukanmu a ɗaki ɗaya, yara na yin aikin makaranta da safar hannu. Alwalar asuba a kwanakin nan ba zan manta da ita ba. Takardar kuɗin wutar da ta biyo baya ma haka.

Cikin wannan jiran na sake sayen itace, wannan karon daga mai sana'a da ke da rajista. Na je har filinsa da na'urata, na faskara na gwada a gabansa, ta nuna 18, bai ji haushi ba, dariya ma ya yi. Siter biyar na etir da sharm, wasu itatuwa masu tauri na yankin, Yuro 95 kowanne har da kawowa, ya ba ni rasit mai ɗauke da irin itacen da tsawon yankan da bayanin cewa ya bushe. Tsohon maƙwabcina ya ranta mini siter biyu daga nasa, da sharaɗin in mayar masa da itace ba kuɗi ba, ya kuma ba ni buhu biyu na faskararren efisiya, itacen nan mai ganye kamar allura da ya cika dazukan yankin. Shi wutar kara gare shi, yana kamawa nan take ya cinye nan take, don haka na tada wuta ne, ba na kwana ba. Sauran ƙananan abubuwa na yi su da kaina a ƙarshen mako. Na maƙale takarda a bakin ƙofar murhun na rufe, na ja ta fito salin alin, alamar igiyar da ke toshe gefen ƙofar ta mutu, na sayi sabuwa da gam ɗinta Yuro 22. Na canja ɗaya daga cikin tubalan cikin murhun da ya rabe biyu. Na sayi bokitin ƙarfe mai murfi don toka, domin garwashi kan kwana biyu ko uku a cikinta da ransa. Na'urar gano hayaƙi dole ce a kowane gida a Faransa tun 2015, akwai ta, amma ta gano gubar iskar nan marar wari ba dole ba ce, na saya Yuro 28. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu suka toshe ƙofa da taga, aka wayi gari babu su. Iskar ɗaya ce. Saboda haka ne ma na fasa toshe wata 'yar kafa da ke ƙasan bangon falo, wadda sanyi ke shigowa ta cikinta, bayan mai shara ya gaya mini ta nan murhun ke shaƙar iska.

Daren 17 ga Nuwamba na durƙusa zan hura wuta yadda na gada, ƙirare a ƙasa manya a sama. Tsohon, wanda ya shigo ganin aiki, ya ce in juya. Manyan gungume biyu ko uku a ƙasa, matsakaita a gicciye a kansu, ƙirare a can sama, a kunna daga sama, a buɗe iska gaba ɗaya. Na yi masa kallon wanda ya zo koya wa ɗan Damagaram hura wuta, amma na bi. Wutar ta ci ta gangara a hankali, hayaƙin da ke fitowa daga na ƙasa yana bi ta cikin harshen wuta yana ƙonewa, gilashin bai yi baƙi ba, bututun ya yi zafi da wuri. Cikin awa ɗaya ƙaramar 'yarmu ta cire hula. Maiɗakina ta ɗora tukunyar shayi a kan murhun ba ta ce komai ba, daga baya ta gano yana dafa wake ma.

Tun kafin wannan, a tsakiyar Oktoba, tsohon ya ja ni ofishin magajin gari don in yi rajistar abin da suke kira afuwaj. Tsohuwar al'ada ce da ta yi ƙarfi a gabashin Faransa: dajin mallakar gari ne, kuma majalisar garin kan ware wani kaso na itatuwan da hukumar kula da dazuka ta ƙasa, ONF, ta yi wa alama, a raba wa gidajen da ke zaune a garin don ɗumama gidajensu. Ofishin namu sau biyu kawai yake buɗewa a mako, na je ranar farko na tarar a rufe. A zuwa na biyu sakatariyar ta nemi shaidar cewa a garin nake zaune, na ba ta takardar haya da ta lantarki, sai shaidar inshorar da ke biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani, wadda ke cikin inshorar gida, sai na sa hannu a ƙa'idojin aikin. Minti goma aka gama. Ta ja kunnena cewa haramun ne sayar da wannan itacen, na gida ne kawai. A watan Disamba aka taru a zauren gari aka jefa ƙuri'a, na ciro lamba 14, na biya Yuro 70 ta baitulmali bayan takardar biya ta iso.

Kason nawa yana kan gangare, rassa da kawunan itatuwan etir da aka riga aka kayar aka ɗebe gangar jikinsu don katako. Zarton inji ba abin wasa ba ne, kuma ban taɓa riƙe shi ba, don haka muka yi yarjejeniya: tsohon da ɗansa su yi yanka da kayan kariyarsu, wando na musamman da hular kwano, ni in yi ɗauka da faskare da jeri, nawa da nasu. Asabar shida muka yi tsakanin Fabrairu da farkon Afrilu, biyu daga ciki dusar ƙanƙara ta kore mu. A nan ne dai faskaren Damagaram ya yi mini rana, har tsohon ya tsaya yana kallo. Fitar da itacen daga daji sai da ƙasa ta bushe a watan Yuni, don kada tarakta ta lalata hanya. Na samu kusan siter tara, na mayar wa tsohon biyunsa. Jerin ma da ƙa'idarsa: a ɗaga shi daga ƙasa a kan katako, a sa shi inda rana da iska ke bugu, a bar tazara tsakaninsa da bango, a rufe sama kawai da kwano. Na farkon da na saya na lulluɓe shi ruf da tamfol har ƙasa don tausayi, bayan wata biyu na buɗe na tarar ya yi fumfuna. Etir kuwa in aka bar shi a ƙasa cikin damshi da wuri yake ruɓewa, shi ya sa ake gaggauta faskara shi a rufe.

In na haɗa lissafin shekarar farko, ban da abin da mai gida ta biya, itace sau biyu Yuro 865, shara sau biyu 140 domin na sake kiransa a Fabrairu, ƙananan kaya wajen 100, afuwaj 70, ga kuɗin lantarkin sati uku. Mun ƙona siter bakwai ɗin nan kaf kafin ƙarshen Afrilu, har na ƙara da hita a makon ƙarshe. Da zan sake daga farko, kafin in sa hannu a takardar haya zan nemi shaidar sharar bututu ta ƙarshe, in babu in sa a rubuta cewa babu. Zan kira mai shara a ranar da na karɓi makulli. Ba zan ba kowa kuɗin itace ba sai na tambayi tsawon yankan, na yi lissafin mita kubik nawa zai ba ni a jere, na faskara ɗaya na soka na'ura, na kuma karɓi rasit. Wanda zai sayi ɗanye da saninsa don araha bai yi laifi ba, in dai a bazara ya saya kuma yana da wurin da zai ajiye shi shekara biyu. Kuma zan gai da maƙwabci tun ranar farko, domin babu ofishin da ya gaya mini rabin abin da tsohon nan ya gaya mini ta kan shinge.

Shen ɗin nan na mutumin da lambarsa ta daina shiga yana nan a bayan gida. Na sake jera shi a buɗe bayan na cire tamfol, na bar shi ya sha ruwa da rana. A ƙarshen Satumban 2024 na gwada ya nuna 25, na ƙyale shi. A Satumban 2025 na faskara ɗaya na soka, ya nuna 19, na kwashe layin farko na shigar rumfa kusa da ƙofar kicin.